Keken Malam Isufu da Man Gyaɗa

Samarin da ke gyaran salula a rumfar da ke kallon tawa, nan cikin kasuwar Magarya, sun ɗauka zaman banza nake yi. Kullum sai ɗayansu ya leƙo, ya dubi kekunan rubutun da na jera a kan katako, ya ce, "Baba Laminu, kai dai ka huta. Naka ba wutar kuran, ba batir. Ka zuba mai, ka goge, shi ke nan." Ni kuwa sai in yi dariya in ce ya je ya kawo shayi. Amma tunda ba sa zama su ji amsa, bari in ba su ita a rubuce, in sun ga dama wani ya karanta musu.

Aikin farko da aka ba ni a Damagaram, wurin maigidana Mamman Dogo, share haruffa ne. Ya ajiye mini keken rubutun wata lakwal, wato makarantar boko, ya ba ni allura da tsohon burushin haƙori, ya ce in fitar da daskararriyar tawadar da ta cika cikin haruffan. Na ɗauka kafin azahar na gama. Ashe akwai datti a ciki tun na zamanin kumandan, lokacin mulkin Turawa. In na ce na gama, sai ya sa takarda ya buga, ya ɗaga ta sama, ya runtse ido ɗaya ya ce, "Wannan harafi ne ko kashin awaki?" Sai in koma. Damina ta zo ta wuce ban taɓa ko turnabis na kwance kusa ba. Na yi fushi har na ɗaure kayana, sai na tuna abin da ke jirana a gida gona ce da hauya, na kwance su.

Sai daga baya ya buɗe mini cikin keken. Hannuwa ne sirara, kowanne da harafi a kansa, suna kwance cikin tsaga kamar haƙoran matsefi. In ka danna, hannu ya tashi ya mari ruban, wato ƙyallen tawada, ya koma wurinsa. Kan keken, mai ɗauke da takarda da rulon da take naɗuwa a jikinsa, ya matsa taki ɗaya, saboda akwai rasor, wato sifirin, a naɗe yana jan sa da igiya. In layi ya kusa ƙarewa, ƙararrawa ta buga. Mai kallo zai ce ai ba wani abu. To bari hannu ɗaya ya karkace kaɗan, ka ga ya rungumi maƙwabcinsa sun tsaya cak a sama, mai keke kuma yana tsaye a kanka yana cewa farfe, babban jami'in gwamnati na yankin, na jiran takarda.

Maganar mai kuwa, Mamman Dogo ba ya wasa da ita. Man keken ɗinki kaɗai yake yarda da shi, shi ma a bakin tsinke, a wurare ƙalilan. Tsagar hannuwa ba ta son mai ko kaɗan. In ka sa mata, ƙura ta same shi su zama ƙullu, hannuwa su liƙe. Rabin kekunan da aka kawo mini a rayuwata masu su ne suka kashe su da kyautatawa.

Kayan aikina har yau ba su cika akwati ba. Turnabis manya da ƙanana, fensa, wato filaya, mai dogon baki, ƙugiyar jan rasor wadda na lanƙwasa da kaina daga tsinken tayar keken hawa, famfon hura iska, burushi, da kananzir na wanki. In igiya ta tsinke, zaren dukawa nake sa mata. In robar rulo ta tsufa ta yi tauri, robar cikin tayar keken hawa nake sa mata riga da ita. Ba wanda ya taɓa aiko mana da kayan gyara daga inda aka ƙera kekunan nan, kuma ba mu zauna jira ba.

Wani mushe, wato malamin lakwal, ya taɓa zuwa daga Sassumbrum, ya ɗauro keken lakwal a bayan moto, wato babur, ya ce tunda aka dawo hutu kan keken ya ƙi tafiya, ga jarrabawa ta matso. Ya riga ya gama yanke hukunci cewa sakataren da aka canza ne ya yi masa asiri. Na kifa keken na leƙa. Zanzaro ne ya yi gininsa a kan haƙoran da ke sakin taki, gini mai kyau, har da ɗakuna. Na fasa, na hure, keke ya tashi. Mushe ya tsaya yana kallon ƙasar da ta zubo, sannan ya ce, "To amma wa ya turo zanzaron?" Na ce wannan kuma sai ya tambayi malamai, ni iyakata ƙarfe.

Akwai kuma wani ɗan kasuwa da ya tsallaka iyaka wurin danginsa, ya dawo da keke sabo fil, yana ta murna ya samu da araha. Bai san jerin haruffan can daban yake da namu na Faransanci ba. Sakatarensa mai bugawa ba tare da duba yatsu ba ya cika takarda guda da abin da ko shi bai iya karantawa. Na narka darma na sauya wa haruffan wuri ɗaya bayan ɗaya, na bi na daidaita tsayinsu. Aikin ya ci mini mako, amma har yau keken yana nan yana aiki.

Shekarar da ta fi ba ni wuya ita ce wadda biro-biro, wato ofisoshi, suka koma ordinater, abin da wasu ke ce wa kwamfuta. Ba a yi shela ba. Kawai na ga mako ya wuce ba wanda ya yi sallama a rumfata, sannan wata ya wuce. Ana nan sai masu sayen tsohon ƙarfe suka shigo gari da ma'auninsu, suna fasa kekuna da guduma don su shiga buhu. Ranar da na ga an fasa wani da na san shi tun yana sabo, raina ya ɓaci ƙwarai. Na yi hayar amalanken jaki na bi biro-biro da lakwal-lakwal ina kwasar waɗanda za a yar. Maiɗakina ta tsaya bakin ƙofa ta ce, "Malam, su za mu dafa?" Ba ta yi ƙarya ba. Shekarar nan gyaran keken ɗinki da noman gyaɗa ne suka riƙe mu. Amma kuran, wato wutar lantarki, a ƙasarmu baƙo ne, yau yana nan gobe ya tafi, don haka masu buga wa mutane takarda a bakin hanya ba su saki kekunansu ba. Waɗanda na kwaso kuwa, wasu na tashe su, wasu suna ba 'yan'uwansu hannu da rasor. A kan samu kuma mai zuwa neman irin na kakansa don ya ajiye a ɗaki yana kallo.

Aikin da na fi son in ba samarin nan labarinsa shi ne na bara waccan, bayan an gama girbin gero. Wata mata ta yi sallama a rumfata, ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce, "Baba, ni ce Rakiya, 'yar Malam Isufu na Dungas, mai buga takarda a gindin tsamiya." Na san Malam Isufu, kuma labarin rasuwarsa ya iso ni. Na yi mata ta'aziyya, sannan ta faɗi abin da ya kawo ta.

A Dungas masu buga takarda suna zama a gindin wata tsamiya kusa da meri, wato ofishin magajin gari. Inuwar ba ta da faɗi, tabura kaɗan take ɗauka, kuma duk mai neman a buga masa damandi, wato takardar roƙo ga hukuma, nan yake nufa. Suna da al'adarsu. In ɗayansu ya rasu, sukan kife taburinsa, ba mai zama a wurin har matarsa ta fita takaba. Ranar kasuwar farko bayan nan, in wani daga gidansa ya zo da keken mamacin ya buga takarda tsaf a gabansu kafin azahar, wuri ya zama nasa. In ba a zo ba, ko keke ya ƙi, sai a ba mai jira. Kuma akwai mai jira, wani tsohon sakatare daga garin Dogo-Dogo. Taburin nan shi ke ciyar da Rakiya da 'ya'yanta da uwarta, don mijinta ya tafi ci-rani arewa, kuma labarinsa ya yi wuya. Bugu kam ta iya, a hannun ubanta ta koya.

Na ce, "To keken fa?"

Ta ce, "Ya ƙi motsi, Baba."

"Ai sai ki kawo shi."

"Inna ta ce ba ya fita gidan sai ranar da zai koma gindin tsamiya."

Haka na hau kabu-kabu da akwatina a cinya, muka yi ta iyo cikin rairayi. Na isa ana gobe kasuwa, kuma ranar ce ta fitar takaba, gida cike da mata ana ta girkin sadaka. Tun daga zaure ƙanshin ƙuli-ƙuli ya tare ni, don Inna Hajara, matar marigayin, sana'arta ke nan, tatsar man gyaɗa. Rakiya ta fito da keken a kan tire, an lulluɓe shi da zane. Na yaye. Yana ta sheƙi, kiyashi sun yi layi suna shiga ta gaba suna fita ta baya. Na danna harafi ɗaya. Hannun ya taso a hankali kamar tsoho zai bar tabarma, ya kai rabi, ya tsaya.

Na ce, "Wa ya sa masa wannan?"

Sai murya ta fito daga bayan zana. "Ni ce, Malam Laminu. Kowane mako nake shafa masa, ban taɓa bari ya bushe ba. Kuma na farkon tatsa ne, ba na ƙasan tukunya ba."

Magana ta zo mini har baki, irin wadda Mamman Dogo zai faɗa. Rakiya ta dube ni. Na haɗiye, na ce, "Allah ya saka da alheri, Inna."

Na tuɓe wa keken riga, na cire ruban na yar, don ya jiƙe sharaf. Na zuba kananzir a tasa na tsoma ƙasan keken, na bi tsaga ɗaya bayan ɗaya da burushi da gashin kaza. Abin da ya fito baƙi ne, mai danƙo, har da gawawwakin kiyashi. Na hure da famfo, na sake wankewa, na goge rulo da alkol irin na wanke ciwo, na shanya a rana. Kafin la'asar ta yi sanyi hannuwa sun fara tashi suna komawa da kansu. Na sa sabon ruban, shi kaɗai na zo da shi, na ce Rakiya ta gwada. Hannunta bai kai na ubanta nauyi ba, don haka na sassauta rasor kaɗan. Ta buga layi, ƙararrawa ta amsa, matan da ke tsakar gida suka yi guɗa. Na ce a bar shi a buɗe ya sha iska, na tafi masauki wurin wani tela abokina.

Da safe na dawo in raka su. Inna Hajara ce da kanta a zaure, cikin sabon zane, fuskarta a sake. Keken yana gabanta yana sheƙi fiye da jiya.

Ta ce, "Malam Laminu, ka yi aiki, Allah ya biya. Amma ka bar shi furu-furu kamar ƙafar yaron da ba a shafa wa mai ba. Yau ranar fitarsa ce. Ba zai shiga mutane haka ba."

Rakiya ta fito ta gani, ta zauna a ƙasa ta ɗora hannu a ka. Jiya hidimar baƙi ta ɗauke mata hankali, ba ta ga lokacin da aka yi ba. Ni kuwa tsoro ya kama ni sosai, don kananzir ɗina ya kusa ƙarewa, ruban kuma ba wani. Sabon mai bai kai ga daskarewa ba, hannuwa suna motsi. Amma ya ratsa ruban, ya jiƙe rulo. Na sa takarda, ta zame ta karkace, ta fito shar da mai kamar wadda aka ƙunshe tsire a ciki. Ba biron da zai karɓi irin wannan.

Na kwashi keken na yi shagon tela. Na ce ya hura gawayi a dutsen guga. Na warware ruban, na shimfiɗa shi tsakanin takardun buhun siminti, na bi da guga a hankali, takarda tana shan mai ina canza wata. Tana shan mai tana shan tawada, don haka da ya bushe sai na bi shi da tawadar tambari a bakin gashin kaza, kaɗan-kaɗan, na naɗe. Rulo kuma na mulke shi da alli da toka, na goge, na sake mulkewa. Sauran kananzir na bi tsaga da shi. Tela yana ta leƙa rana yana ce mini ta yi sama, kamar ni ban da ido. Na mayar wa keken rigarsa, muka kama hanya, Rakiya da keke a ka.

Mun tarar an riga an tayar da taburin Malam Isufu an share shi. Babban masu buga takarda, Malam Gambo, tsoho mai farin gemu, ya nuna wa Rakiya kujera. Sakataren Dogo-Dogo yana gefe da kekensa cikin akwati a kan gwiwa. Mutumin kirki ne, har ya gaishe mu, amma shi ma ba yawo ya kawo shi ba. Aka kira wani manomi da ke son damandin takardar haihuwar 'yarsa don a sa ta lakwal. Rakiya ta yi bisimilla, ta sa takarda, ta fara. Ni dai ba rubutun nake bi ba, kunnena yana kan keken. Taki yana tafiya daidai, ƙararrawa tana bugawa a kan lokaci. Ta kai ƙarshe ta zare takardar ta miƙa.

Tun kafin ta isa hannun Malam Gambo na hango abin. Rubutu ya fita tsaf, amma a ƙasan takardar akwai tabon mai, faɗin babban yatsa, rana tana ratsa shi. Wani lungu ne a ƙarƙashin rulo ban kai gare shi ba. Sakatare ya yi gyaran murya. Rakiya ta sunkuyar da kai.

Malam Gambo ya karanta daga sama har ƙasa. Ya dubi tabon. Sai ya kai takardar hanci ya shinshina, ya fashe da dariya har hularsa ta karkace. Ya miƙa wa na kusa da shi, shi ma ya shinshina ya kama dariya, haka ta zagaya taburan.

Ya ce, "Hajara ta yi aikinta!"

Na ce, "Malam, ka san da wannan?"

Ya ce, "Yo wa bai sani ba a gindin tsamiyar nan? Shekara da shekaru haka Isufu yake zuwa da shi yana naso. Shi ya sa yake riga kowa fitowa, ya zauna ya wanke abinsa kafin mutane su taru. Takardarsa ta farko kullum sai ta yi tabo, ya yage ya sake. Na sha ce masa ya hana ta. Sai ya ce, mace ta ɗebi man farko, wanda za ta sayar, ta shafa wa abin da ke ciyar da gidanta, da wane baki zai ce mata ɓarna take yi?"

Ya tashi ya zura hannu cikin wani kogo a jikin tsamiyar, ya fito da kwalbar kananzir da tsumma da burushi wanda gashinsa ya kwanta. Ya ajiye su a gaban Rakiya. Ya ce, "Wannan ma cikin gadonki yake. Goge ki buga ta biyu. A taburin nan ba a duba ta farko."

Ta ɗauki tsumman ta daɗe tana kallonsa, hawaye yana zuba. Ni ma sai da na juya baya na gyara hula. Na nuna mata lungun, ta goge da kanta, ta sa sabuwar takarda. Ta biyu ta fito fes. Malam Gambo ya ɗaga ta kowa ya gani, manomi ya karɓi abinsa yana godiya. Sakataren Dogo-Dogo ya tashi ya rataya akwatinsa ya ce, "Allah ya sa albarka, 'yata." Ba a jima ba ladan ya kira azahar, lokacin mutum na biyu ya riga ya zauna a gaban taburin.

Da yamma na biya ta gidan in yi sallama kafin in nemi moto. A hanya na shirya yadda zan yi wa Inna Hajara bayani cikin ladabi, don aikina ne in faɗa. Mun same ta a tsakar gida tana juya ƙuli a tukunya. Ta ɗago ta ce, "Ya aka yi? Man ya yi masa?"

Kafin in buɗe baki Rakiya ta riga ni. Ta ce, "Ya yi, Inna. Kowa sai da ya yi maganarsa."

Inna Hajara ta yi murmushi, ta mayar da ludayi cikin tukunya, ta ce, "Haka ubanki ma yake cewa kullum."